Ɗan Fasto da Ya Kare Mai Saɓo a Kotu

A watan Mayun 1887 kotun Morristown da ke jihar New Jersey ta cika maƙil. Ana tuhumar Charles Reynolds, tsohon mai wa'azin Kirista, da laifin saɓo. Shekara guda kafin nan, 'yan gari sun yi wa tantinsa kaca-kaca a Boonton saboda yana sukar Littafi Mai Tsarki. Amma yawancin jama'a lauyansa suka zo gani: Robert Ingersoll.

Ingersoll ɗan fasto ne, haifaffen 1833, ya yi kanar a yaƙin basasar Amurka, ya kuma riƙe muƙamin babban lauyan jihar Illinois. Matsayinsa shi ne ɗan Adam ba shi da hanyar tabbatar da samuwar Allah ko rashinsa. Koyarwar azabar wuta ta har abada ce ta fi tsaya masa a rai. Yana zaga garuruwa yana lacca, mutane na biyan kuɗin shiga, har da masu jin zafin maganarsa. Wannan ra'ayi ya toshe masa hanyar siyasa, bai kuwa janye ba.

A kotu bai tsaya kan ko Reynolds na da gaskiya ba. Hujjarsa ita ce doka ba ta da hurumin ɗaure bakin mutum kan abin da ya yi imani da shi, kuma hujja ce mai nauyi. Duk da haka aka sami Reynolds da laifi, aka ci shi tarar dala 25 da kuɗin shari'a. Ingersoll ya biya daga aljihunsa.

A 1888 William Gladstone, tsohon firaministan Birtaniya, ya mayar wa Ingersoll martani kan ra'ayinsa game da addini a mujallar North American Review.