Bakin Tabki a Ƙasar Adar: Tarihin Sa Ido kan Ruwan Wanka

Tun 1976 ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa dokar auna ƙwayoyin cuta a gaɓar tekun da jama'a ke wanka. Nijar ba ta da teku, amma a gundumomin Madawa, Buza da Kaita na jahar Tawa akwai makamancin wannan gaɓa, wato bakin tabki da bakin madatsar ruwa. Nan yara ke iyo, mata na wanki, makiyaya na shayar da bisashe. Wannan maƙala na son nuna cewa tarihin ruwa a Adar ya fi karkata ga tara shi, bincikar lafiyarsa kuwa ta biyo baya.

Dalilin haka a fili yake. Farin 1973 da na 1984 sun sa babbar damuwar hukuma da talakawa ita ce kada ruwan sama ya kwarare ya bar fako. A 1984 aka soma babban aikin raya karkara na Kaita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, ana biyan su da abinci. An yi shingayen dutse, an dasa itatuwa, an gina madatsu. Ruwa ya zauna, noman rani ya samu. To amma ruwan da ke kwance shi ne matattarar cututtuka biyu da mutanen karkara suka daɗe da sani: kurkunu da tsargiya.

Kurkunu ta hanyar sha yake shiga jiki, cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa. Ƙidayar 1991 ta samu sama da mutum 30,000 masu ɗauke da shi a Nijar. Abin da ya kawo ƙarshensa sa ido ne a matakin ƙauye: wakili mai rubuta duk wanda ya kamu, ƙyallen tace ruwa a kowane gida, zuba maganin ƙwari a tabki, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a ruwa. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasa, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi.

Tsargiya dabam take, domin ta fata take shiga yayin wanka. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga nan tsutsar ta fito ta huda fatar mai iyo. Tace ruwan sha ba ya hana ta. Shirin ƙasa da aka ƙaddamar a 2004 ya dogara ga rabon ƙwayar magani a makarantu. Yaro kan warke, ya koma tabki, ya sake kamuwa.

Saboda haka, a Adar jikin yaro ne ya zama ma'aunin ruwa: sai an ga jini a fitsari ake sanin halin tabki. Darasin kurkunu shi ne nasara ta zo lokacin da aka tsare ruwan kansa. Ya kamata ɗalibanmu na tarihi da na labarin ƙasa su bi tabkunan nan ɗaya bayan ɗaya, su tambayi dattawa yaushe ruwan ya zauna, yaushe kuma cutar ta bayyana.