Hukumomi Uku a Kan Daji Ɗaya: Nazarin Tsarin Iko da Albarkatun Dajin Birnin Gwari

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda iko da dajin Kamuku ya rarrabu tsakanin hukumomi, ta kuma kafa hujja cewa ɗalibin digiri na biyu ko na uku ba zai gane wannan mas'ala ba face ya haɗa ilmin shari'a da na tattalin arziki da na siyasar mulki.

Asalin mas'alar

Tun a 1936, zamanin En'e, aka keɓe wannan daji a ƙarƙashin hukumar gargajiya ta Birnin Gwari. A 1985 jihar Kaduna ta mai da shi gandun namun daji, sa'an nan a 1999 gwamnatin tarayya ta karɓe shi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120, kogin Mariga kaɗai ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Gandun na tarayya ne, amma gonaki da burtalolin da ke kewaye da shi, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amana ce a hannun gwamna, alhali zinariyar da ke ƙarƙashinsu, bisa sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007, mallakar tarayya ce, kuma daga Abuja ake ba da lasisin haƙarta. Masarauta kuwa, wadda dagatanta da masu unguwanninta da arɗo-arɗonta su ne suka san baƙon da ya sauka da garken da ya ratsa, tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ba a bar mata kome ba sai shawara.

Malamanmu na fiƙihu ba su jahilci wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya hukuncin ma'adini yana ga shugaba, haka kuma keɓe hurumi don maslahar jama'a, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar mataccen fili. Abin da na fahimta daga wannan tsari shi ne, wanda ya keɓe shi ne mai tsarewa, shi ne kuma wanda za a tuhuma in an yi ɓarna.

Abin da lissafi ya nuna

Lauya yakan tambayi ko doka ta inganta, amma talakan da ke haƙo da diga da shebur, wanda lasisi ya yi masa nisa da tsada, lissafinsa dabam ne: wa zai bar shi ya yi aiki gobe, kuma nawa zai biya? Inda hukuma ta kasa amsa masa, 'yan bindiga sun amsa, har suka riƙa aza wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi, abin da ya kamata ya hana duk mai nazarin doka barci. Haramcin haƙar ma'adinai da aka sa a Zamfara a Afrilun 2019, aka ɗage a Disambar 2024, ya tsaya a kan iyakar jiha, alhali kuwa daji bai tsaya can ba.

A Nuwambar 2024, bayan sulhu da 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani na Kaduna ya sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, kuma nan ne bincike ya kamata ya sauka: wa ke karɓar kuɗin shiga, wa ke shaidar cewa saniya ba ta sata ba ce, wa ke yanke hukunci in manomi da makiyayi sun saɓa? Sai dai fannonin da za su amsa waɗannan tambayoyi a rarrabe suke: a Jami'ar Ahmadu Bello, alal misali, shari'a da ilmin mulki suna harabar Kongo, tattalin arziki yana ta Samaru. Ina ganin wajibi ne ɗalibin da ya ɗauki Kamuku a sa masa masu duba aiki daga sassan uku, a kuma shardanta masa zama da dillalan kara da masu gadin daji kafin ya rubuta babi na farko.