Taskar da ke Cikin Adakar Kakanninmu



A 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato, sun tarar da ɗaruruwan wasiƙun sarakuna a gidan Waziri Buhari, har wani jami'insu, Backwell, ya buga fassarar wasu a 1927. Daga baya marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya buɗe wa Murray Last ɗakin littattafansa, shi kuma ya fitar da littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a tsohon gidan Sardauna, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, ana kuma baje wa baƙi kayan tarihi.

Darasin da na ɗauka shi ne, takarda ba ta amfanar kowa sai an fito da ita an gani. Mu duba namu tarihin. Muna jin labarin yaƙin Ibrahim Ɗantunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo daga 1819, da yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar wa Kazaure sarautarta. To amma mutum nawa cikinmu ya taɓa ganin takarda ɗaya ta wancan zamani? Alhali gidajen malamai da alƙalai na Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura ba za su rasa littattafan hannu a adaka ko gafaka ba, gara da ɓera da yoyon damina suna cinye su.

Baje kolin irin wannan kaya yana da ƙa'ida. Ana sa takarda cikin akwatin gilashi, nesa da rana da danshi, a rubuta sunan marubuci da gidan da ta fito, a ɗauki hotonta, sannan a mayar wa mai ita. Amfanin hoton ya fito fili a 2013, da aka ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu.

Shawarata ita ce ƙungiyarmu ta nemi izinin iyayenmu sarakuna da malamai, mu shirya ƙaramin baje koli ranar taronmu na shekara, ƙannenmu ɗalibai su gani da idonsu. Allah Ya ba mu iko, amin.