Ginin Chrysler

Ginin Chrysler dogon benen ofisoshi ne a unguwar Manhattan ta birnin New York, ƙasar Amurka. Hawansa 77, tsayinsa mita 319. Attajirin motoci Walter Chrysler ne ya ɗauki nauyin aikin, William Van Alen ya zana shi. An soma gini a 1928, aka kammala a 1930.

Salonsa Art Deco ne, wanda ya samo suna daga baje kolin Faris na 1925. Jikinsa bulo ne bisa ƙashin ƙarfe, amma kansa ne abin kallo: farin ƙarfe mara tsatsa, an lanƙwasa shi hawa-hawa, da tagogi masu kusurwa uku. A hawa na 61 kawunan mikiya ke leƙen titi daga kusurwoyi, kamar yadda zanko ke ƙawata soron Bahaushe. Adon hawa na 31 kuwa murfin lagireton motar Chrysler aka kwaikwaya.

Tsininsa a ɓoye aka harhaɗa shi cikin ginin, aka ɗaga a Oktoban 1929 don a shige benen 40 Wall Street a tsawo. Ginin Chrysler ya riƙe kambun tsawo a duniya har 1931, da benen Empire State ya ƙwace.