Zariya 1986: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ranar Litinin 13 ga Yuni 2022, ɗaliban sakandaren Islamic Senior High School da ke Abrepo a Kumasi suka tare titin da ya ratsa ta ƙofar makarantarsu. Kukansu guda ne: motoci sun yawaita buge mutane a wurin, suna neman a sa abin da zai tilasta wa direbobi rage gudu. 'Yan sanda suka zo da hayaƙi mai sa hawaye da harbin gargaɗi, aka kwashi yara fiye da ashirin zuwa asibiti. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma mu da ke zangunan Walewale da Salaga da Yendi da Bawku, masu ɗora 'ya'yanmu a mota su tafi karatu nesa da idonmu, ranar nan cikinmu ya ɗuri ruwa.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Domin mu gane abin da ke biyo bayan irin wannan rana, bari mu waiwayi garin da kakanninmu suka sani da sunan ilimi tun zamanin fataucin goro, wato Zariya. A can aka zubar da jinin ɗalibai har sau biyu cikin shekara takwas, kuma yadda hukuma ta yi da jinin nan darasi ne gare mu.

Karo na farko a watan Afrilu 1978 ne, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo. An ƙara kuɗin abincin ɗaliban jami'a da kwabo 50 a rana, daga naira 1.50 zuwa naira 2. Ga ɗan manomi da ke karatu da gumin mahaifinsa, ƙarin ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira a ƙaurace wa azuzuwa, ɗalibai suka riƙa kiran Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. Daga nan boren ya samo sunansa na Ali Must Go. A Jami'ar Legas 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo. Da labarin ya iso Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaliban Samaru suka fito, aka turo musu sojoji, aka kashe da dama daga cikinsu.

Gwamnati ta kafa hukumar bincike. Da ƙura ta lafa, sai ga sakamako: an haramta NUNS, an kori Okeowo daga karatu, an sallami wasu malaman jami'a daga aiki, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, sun rasa kujerunsu. Ahmadu Ali kuwa ya ci gaba da rayuwarsa ta siyasa har ya zama sanata, ya kuma shugabanci jam'iyyar PDP daga 2005.

Ɗalibai ba su manta ba. Bayan sun kafa sabuwar ƙungiya, NANS, a 1980, sun riƙe al'adar tunawa da mamatan Afrilu. Wannan tunawar ce ta zama mafarin karo na biyu. A Afrilu 1986 ɗaliban Samaru suka yi jerin gwano na cika shekara takwas, jerin ya ratsa ta Amina Hall, masaukin 'yan mata, inda dokar jami'a ta hana maza shiga. Hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabannin ƙungiyar ɗalibai da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba, suka yi dandazo a ginin majalisar jami'a, kirarin 1978 ya dawo da sabon suna: Ango ya sauka.

Mu tsaya a nan mu auna girman maganar. Rigima ce ta cikin gida tsakanin hukumar makaranta da ɗalibanta, kan dokar masauki da horon da aka yi wa 'yan mutane kaɗan. Irinta ce dattawa kan kashe da zama ɗaya a zaure. Amma ranar Juma'a 23 ga Mayu 1986, cikin watan azumi, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar jami'a da bindigogi, suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu. Ɗalibai da mutanen Samaru suka ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Cikin waɗanda aka kashe har da wata ɗaliba, Farida Mustapha, wadda sunanta ya zauna a bakin 'yan gwagwarmayar Najeriya har yau.

Wutar ta bazu. Jami'o'i da manyan makarantu a kudu da arewa suka tashi, aka rufe da yawa daga cikinsu. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC, ƙarƙashin Ali Chiroma, ta sa ranar 4 ga Yuni don zanga-zangar alhini da neman a hukunta masu hannu a kisan. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana, ta kama shugabannin ƙwadago kafin ranar ta zo. Ministan Ilimi a lokacin shi ne Farfesa Jibril Aminu, wanda shi ne sakataren hukumar jami'o'i ta ƙasa lokacin da aka yi ƙarin kuɗin 1978.

Sai aka koma ga tsohon magani. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye mai ritaya don ya binciki abin da ya faru a Zariya, daga baya aka kafa wata hukuma ƙarƙashin Mai Shari'a Mustapha Akanbi kan rikicin da ya game sauran makarantu. Abin da aka fi tunawa daga binciken Abisoye shi ne zargin da aka ɗora wa wasu malamai, wai suna koyar da abin da ba shi aka biya su su koyar ba. Ma'ana, laifin ya tashi daga kan mai bindiga ya koma kan mai alli. Ango Abdullahi ya bar kujerarsa a shekarar. An haramta NANS. An yi dokar soja da ta raba ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, da NLC. A 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa ɗan asalin Jamaika, aka fitar da shi daga ƙasar. A 1989 aka sallami Dakta Yusufu Bala Usman, sai da kotu ta mayar da shi. Duk wannan jerin hukunci, babu ɗan sandan da aka ɗaure kan jinin 23 ga Mayu. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ita ce hikimar kwamiti a hannun mai mulkin da ba ya son gaskiya. Ana kafa shi zukata na tafasa, ya zauna har su huce. Yakan faɗaɗa tambaya har ta ɓace: a maimakon wa ya ba da umarnin harbi, sai a shiga binciken tarbiyyar matasa da aƙidun malamai da tsarin masauki. Ko adadin gawa ba a bari ya zauna wuri guda. Uwar da ta rasa ɗa tana neman sunan mutum ɗaya, sai a miƙa mata rahoto mai shafuka.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, jami'an tsaro suka harbi ɗalibai a Gadar Kennedy da ke Yamai, uku suka mutu. A can ɗalibai da 'yan ƙwadago ba su saki maganar ba, matsin da suka yi yana cikin abin da ya kai ƙasar ga jam'iyyu da yawa da babban taron ƙasa na 1991. Duk da haka, kowace 9 ga Fabrairu ɗaliban Nijar kan fito suna neman a yi wa mamatansu shari'a. Mulki ya sauya, bashin jini yana nan.

Mu dawo gida Gana. Adalci ne mu faɗi cewa bayan abin da ya faru a Kumasi, hukumar 'yan sanda ta amsa cewa jami'anta ba su bi ƙa'ida ba, ta cire mataimakin kwamandan yankin Ashanti daga muƙaminsa, ta dakatar da wasu manyan jami'ai biyu. Mutanen Samaru ba su sami ko wannan ba. Amma shekara guda kafin nan, ranar 29 ga Yuni 2021, sojoji sun harbi matasan Ejura da suka fito bayan jana'izar Ibrahim Mohammed Kaaka, biyu suka mutu. Kwamitin Mai Shari'a George Kingsley Koomson ya ba da shawarar a biya diyya, batun horon sojojin kuwa ya bar shi a hannun rundunar soja. Wanda ake ƙara da shi aka damƙa wa shari'ar.

Saboda haka, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yankinmu ya saba da dokar hana fita da shingayen sojoji saboda rikicin Bawku, 'ya'yanmu kuma ta cikinsu suke wucewa zuwa makaranta. Duk ranar da aka taɓa ɗalibi, sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin iyaye su riƙe tambayoyin da Zariya ba ta sami amsarsu ba. Wa ya kira jami'an? Wa ya ba su harsashi mai rai? Wa ya ce a harba? Mutum nawa suka faɗi, kuma su waye? A rubuta sunayen tun ranar farko, kafin lissafin hukuma ya rage su. A nemi a buga rahoton kwamiti a bainar jama'a, a kai wa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ ƙorafi, a bi maganar har gaban alƙali. In an kawo diyya a karɓa, haƙƙin iyalan mamaci ne, amma kada a bari ta rufe ƙofar kotu.

Ɗaliban Samaru na 1986 sun fito ne don tunawa da mamatan 1978, su ma suka shiga cikin lissafin. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare mana 'ya'yanmu a hanyar neman ilimi.