Majigin Blackburn: Fina-finan da Suka Kwana a Ganga

A shekarar 1896 aka fara haska majigi ga masu biyan kuɗi a Landan. Kafin shekarar ta kai rabi, Robert Paul ya ɗauki sukuwar Derby wadda dokin yariman Ingila ya lashe, ya nuna ta washegari da dare a zauren Alhambra. Fina-finan lokacin ba su wuce minti ɗaya ko biyu ba, babu murya, sai mai kiɗa a gefe ko wani mai zaƙin baki da ke yi wa 'yan kallo bayani. Gidajen silima ma ba a gina su ba tukuna, sai rumfunan bukukuwa da zaurukan wasa.

A can arewa, a garin Blackburn na yankin Lancashire, Sagar Mitchell da James Kenyon suka haɗa gwiwa a 1897. Abin da suka gano ba wani abu mai wuya ba ne: babu fuskar da mutum ke son gani kamar tasa. Masu yawon nuna majigi kan ba su aiki kafin biki ya zo gari, su kuwa su kafa kyamara a ƙofar masaƙa daidai lokacin tashi daga aiki. Mata lulluɓe da mayafi, sanye da takalman katako, suna fitowa cincirindo. Yara ƙanana masu aikin rabin yini suna tururuwa gaban kyamara, wani ya jefa hula sama, wani ya yi gwalo, wani a ture shi ya sake dawowa. Kafin kwana biyu an wanke fim, an kafe sanarwa cewa kowa ya zo ya ga kansa. Ko kwabo nawa ne, wa zai ƙi?

Sun ɗauki maci da jerin gwanon 'yan makaranta da wasan ƙwallo. Hoton Manchester United mafi daɗewa da aka sani nasu ne, daga wasanta da Burnley a Disamban 1902. Ba kuma waliyyai ba ne. Lokacin yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, a bayan garin Blackburn suka shirya nasu fagen daga, da 'yan wasa cikin kayan soja.

Kasuwa ta juya musu baya da silima ta samu mazauni na dindindin. Dokar 1909 ta tilasta wa wuraren nuna fim neman lasisi saboda gobara, domin fim ɗin zamanin kamar fetur yake kamawa. A 1910 kamfanin Pathé ya fara fitar da labarai cikin majigi a kai a kai, Gaumont Graphic ya biyo baya, sai Topical Budget a 1911. Waɗannan daga Landan ake tsara su, hankalinsu na kan sarki da sojoji da manyan wasanni. Kyamarorinsu ne suka kama Emily Davison, mai fafutukar ƙuri'ar mata, sa'ad da dokin sarki ya banke ta a Derby ta 1913. Ma'aikacin masaƙa kuwa ya koma ɗan kallo kawai. Wajen 1913 aikin Mitchell da Kenyon ya tsaya.

Kenyon ya rasu a 1925, Mitchell a 1952, aka manta da su. Sai a 1994 leburori masu gyaran tsohon shagon Mitchell suka tarar da gangunan ƙarfe uku a ɗakin ƙasa, ɗauke da naɗin fim kusan 800, na asali waɗanda suka fito daga kyamara. Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta karɓe su ta gyara, BBC kuma ta nuna su a 2005.

A ganina, waɗannan hotuna da aka yi don cinikin mako guda sun fi labaran Pathé nuna yadda talakan Ingila ya rayu a farkon ƙarni na 20.