Mazan Jiya na Ƙasar Kabi da Ciwon da Yaƙi Ke Bari a Zuciya

Ƙasar Kabi ta daɗe da sanin yaƙi, tun daga zamanin Muhammadu Kanta a ƙarni na 16 har zuwa faɗuwar Birnin Kebbi a hannun masu jihadi a 1805, da gwagwarmayar da Yakubu Nabame ya farfaɗo da ita daga Argungu a 1849. Mayaƙin wancan zamani yana fita ne tare da danginsa, fagen fama kuma bai yi nisa da gonarsa ba, saboda haka idan ya dawo yana zabura cikin barci ko ya daina magana, waɗanda suka ga abin da ya gani suna kewaye da shi. Akan danganta lalurar da iskoki, wato aljanu, a nemi rubutu da tofi wurin malamai, wasu kuma su nufi masu bori. Ko da fassarar ba ta dace da ilimin likitanci ba, marar lafiya ba ya zama shi kaɗai.

Aikin soja na zamani ya raba mayaƙi da wannan gata. A Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 sun kwashi samarin Arewa zuwa dazuzzukan ƙasar Bama, kuma da suka dawo babu wanda ya san irin abin da suka gani, mutane dai suna cewa yaƙi ya taɓa su. Gidan da aka tsugunar da sojojin da hankalinsu ya gushe yana can Lantoro a Abeokuta, wanda daga gare shi asibitin Aro ya samo asali, inda Dakta Adeoye Lambo ya fara a 1954 wani tsari na zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, tsarin da ya fi kusa da al'adar Kabawa, amma bai iso kwarin Rima ba.

Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin Amurka suka sanya ciwon firgicin bayan bala'i cikin jerin cututtuka, ciwon da alamominsa suka haɗa da mugun mafarki, saurin fushi, ƙaurace wa jama'a, da razana idan an buga ƙofa da ƙarfi. Najeriya kuwa ta ci gaba da aiki da dokar mahaukata ta 1958 duk tsawon yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da yaƙin Laberiya, da rikicin Boko Haram, har zuwa farkon 2023 da aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

A yau sojan da ya komo barikin Dukku a Birnin Kebbi daga Borno ko daga farautar 'yan bindigar Lakurawa yakan ɓoye damuwarsa don gudun a kira shi rago, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da shi kuma yana Kware a jihar Sakkwato. Faretin mazan jiya na 15 ga Janairu bai isa ya zama sakayya ba. Wajibi ne hukumar soja da gwamnatin Kebbi su samar da likitocin ƙwaƙwalwa a cikin bariki, su kuma jawo iyalai da limamai cikin jinyar.